Shida ko Takwas? Yadda Ake Koya wa Ƙananan Yara Sanin Ƙwari

A Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke kudancin Libiya, darasin farko da yaro yake samu game da ƙwaro yakan zo masa ne da tsawa: "Kai, bar nan!" Iyaye kuwa ba su da laifi. Kunamar hamada mai kaurin wutsiya, wadda masana ke kira Androctonus, tana cikin kunamun da suka fi mugun dafi a duniya, kuma harbin da babba zai sha azaba ya tashi yana iya halaka ƙaramin yaro saboda ƙanƙantar jikinsa. A unguwanni irin su Abdulkafi, inda baƙi daga Nijar da Najeriya ke zaune tare da 'yan ƙasa, idan zafi ya haura digiri 40 aka kuma ɗauke wuta, tsakar gida ake yin shimfiɗa. Dare kuwa shi ne lokacin yawon kunama.

Sai dai tsawa tana amfani ne muddin babba yana kusa. Ranar da uwa ke wajen girki, yaron na bayan ɗaki yana ɗaga bulo, abin da ya sani ne kaɗai zai tsare shi. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 ba ya riƙe dogon bayani. Abin da hannunsa ya murɗa, ya ƙirga, ya jera, shi ke zama a kansa. Saboda haka nake ganin koya wa irin waɗannan yara sanin ƙwari ta hanyar wasa aiki ne na kowane gida, ko yaron yana zuwa rauda, kamar yadda ake kiran makarantar ƙananan yara a Libiya, ko ba ya zuwa.

A fara da ƙafa. A bakinmu duk wani ƙaramin abu mai rarrafe ƙwaro ne, amma masana sun raba su. Ƙwaro na ainihi ƙafarsa shida, jikinsa kashi uku: kai, ƙirji da ciki, kuma duk ƙafafun daga ƙirji suke fitowa. Tururuwa, fara, ƙuda, sauro, ƙudan zuma, kyankyaso, buzuzu, duk 'yan gida ɗaya ne, gidan da aka rubuta sunayen ire-irensa kusan miliyan ɗaya. Gizo-gizo da kunama da kaska kuwa ƙafa takwas gare su, danginsu daban. Shanshani ya wuce ƙirgen yaro.

Bahaushe yana da ƙofar shiga wannan darasi a shirye, wato Gizo da Ƙoƙi. Yaron da aka taɓa yi wa tatsuniya ya san su mata da miji ne. To, maigida Gizo ƙafarsa takwas, uwargida Ƙoƙi shida, ko da yake biyun gaba takan naɗe su kamar mai addu'a. A yi tatsuniyar da dare, da safe a ce, "Zo mu gina Gizo da matarsa."

Kayan aikin duk suna tsakar gida. A kwaɓa laka, in babu sai a kwaɓa fulawa da gishiri da ɗan ruwa har ta yi kamar ƙullin burodi. A kakkarya tsinken tsintsiya ko ƙarshen ganyen dabino. Yaro ya mulmula dunƙule uku ya jera, ƙarami a gaba, sannan ya soka tsinke uku dama, uku hagu a na tsakiya, yana ƙirgawa da baki. Tururuwa ta samu. Ku lura da abin da yakan faru a nan: kusan kowane yaro sai ya bi dunƙulen uku ya soka musu ƙafafu ko'ina, har a kai. Kada a karɓe a gyara masa. A kama hannunsa a kai shi bakin ramin tururuwa, a durƙusa tare, a ce, "Duba, auta, daga ina ƙafarta ta fito?" Zai yi shiru, hancinsa ya kusa taɓa ƙasa, ya koma da gudu ya tsige tsinkayen ya sake sokawa. Wannan gyaran da ya yi da kansa ya fi abin da aka faɗa masa sau goma.

Kunama ma a gina ta da laka, da girma, da ƙafa takwas, da hannuwa biyu masu kama da almakashi, da wutsiya a lanƙwashe sama. A nan na saɓa da masu cewa kada a nuna wa yaro siffarta don kada ya raina ta. Yaron da bai san kamanninta ba shi ne zai kai hannu. Abin da ya kamata shi ne a haɗa siffar da aikin da za a yi in an gan ta. Idan lakar ta bushe, a ɓoye kunamar a ƙarƙashin tabarma, ko bayan tulu, ko cikin takalmi, a ce yara su nemo da ido. Wanda ya hango ta sai ya ja da baya taku uku, ya nuna da yatsa, ya ɗaga murya: "Inna, kunama!" Wanda ya taɓa ya faɗi wasan. A yi ta maimaitawa har ja da bayan ya zama jiki. Daga nan kuma a shigar da kakkaɓe takalmi: kafin a sa ƙafa, a kifa shi a buga a ƙasa sau uku. Yara suna son duk abin da ake bugawa ana ƙirgawa, cikin mako ɗaya za ku ga su ne ke tuna wa manya.

Ƙirgen ƙafa darasi ne na lura, ba ya raba mai cutarwa da marar cutarwa. Rina da ƙudan zuma ƙafarsu shida, kuma suna harbi. Don haka a raba wa yaro su gida uku da harshen da zai gane: wanda ake ɗauka a tafin hannu in babba ya yarda, kamar fara da buzuzu, wanda ake kallo daga nesa, kamar zuma da zanzaro da gizo-gizo, da wanda ake kiran babba, wato kunama da shanshani da duk wanda ba a sani ba. Murfin kwano uku da 'yan ƙwarin laka sun isa a yi wasan rabon.

Ga iyaye kuma, idan tsautsayi ya faɗa: a wanke wurin harbin, a ɗora tsumma mai sanyi, a hana yaron zirga-zirga, a nufi asibiti nan take. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau. Gumi mai yawa, dalalar miyau, amai ko sarƙewar numfashi alamu ne na dafi ya shiga jiki, kuma ba a jiran a gan su kafin a tafi.

Ba na so a tsaya kan tsoro, domin yawancin ƙwari abin mamaki ne. Ku duba sunan da kakanninmu suka raɗa wa malam-buɗe-littafi. Wanda ya sa wannan suna ya zauna ya kalli yadda yake buɗe fikafikai yana rufewa. A ninke takarda biyu, yaro ya ɗiga ruwan lalle ko bula ko zoɓo a gefe ɗaya, a rufe a danna, a buɗe: zanen dama ya fito daidai da na hagu, kamar a jikin ƙwaron. In an yi sa'ar samun tsutsa a ganyen lambu, a sa ta a kwalba tare da irin ganyen da aka same ta a kai, domin yawancinsu ba sa cin wani, a rufe bakin da yanki mai shan iska. Za ta ci ta ƙoshi, ta daina motsi, ta shige kwanso. Yara za su ce ta mutu. A ba su haƙuri. Bayan kwanaki, wani lokaci makonni, mai fikafikai zai fito, a buɗe masa ya tashi. Tsutsa mai gashi dai ba a taɓa ta da hannu, tana sa ƙaiƙayi.

Irin wannan kwanson ne asalin alharini. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Fezzan ta Murzuk a 1850 ya isa Kano a 1851, ya tarar ana shigo da alharini daga Tarabulus ta wannan hanya ta hamada, ana yi wa riguna ado da shi. A ƙasar Hausa kuma akwai namu zaren tsamiya, wanda wata tsutsar daji ke saƙawa. Yaron da ya ga tsutsa ta naɗe kanta a kwalba zai yi wa aikin babbar rigar kakansa wani irin kallo.

Fara kuwa ba ta buƙatar gabatarwa ga duk wanda ya taɓa sayen soyayya da yaji a Maraɗi ko Kano. Kama ta wasa ne mai kyau, kuma manyan ƙafafunta na baya suna da sauƙin gani. A gaya wa yara masu ɗan wayo cewa akwai irin da ke taruwa ta yi gayya ta cinye gonaki, kamar yadda aka gani a Nijar a 2004, kuma a 2012 daga wajejen Gat, a kudu maso yammacin Libiya, da maƙwabciyarta Aljeriya ta taso ta gangara arewacin Nijar da Mali. Farar da aka tsinta a mace ko tana magagi ba a ci, ba a wasa da ita, wataƙila feshi ne ya same ta.

Hattara biyu game da kayan wasan: ƙwallon dabino yana yin jikin buzuzu mai kyau, amma a nisanta shi da wanda bai kai shekara 3 ba, yana iya haɗiyewa ya shaƙe. Tsinke kuma a dakushe bakinsa.

Akwai wata riba da na fi so a ƙasar baƙunci. Yaron da aka haifa a Sabha da Larabci yake wasa a waje, zai ce wa kunama aƙrab, ya ce wa tururuwa namla, ya ce wa fara jarad. Hakan da kyau, zai ma gane irin waɗannan sunaye in ya kai Suratun Namli da Suratun Nahli da Ankabut a makarantar allo, surori uku masu sunan tururuwa da zuma da gizo-gizo. Amma cinnaka, kiyashi, gwano, gyare, mazari, gara, shinge, waɗannan in ba a gida ya ji su ba, ba zai ji su ko'ina ba, tunda wasunsu sai da damina suke fitowa, Sabha kuwa takan shekara ba ta ga ruwan kirki ba. Idan yaro ya gama gininsa, a ɗauki hoto a tura wa kakarsa ta WhatsApp, a bar shi ya danna ya yi tambayar da bakinsa: "Kaka, wannan mene ne sunansa a garinmu?" Amsar takan zo da tsawo, da labarin yadda ake kunna fitila a ajiye kwanon ruwa a daren da shinge ya fito bayan ruwan farko.