Warin Na'urar Tsotsar Ƙura: Asalinsa Da Yadda Ake Kawar Da Shi

A manyan masallatai da ofisoshi da otal-otal, da ma gidajen da aka malale ɗakunansu da kafet, na'urar tsotsar ƙura ta daɗe da karɓe aikin tsintsiya. Sai dai duk wanda ya jima yana aiki da ita ya san wani hali nata mai ban haushi. Bayan 'yan watanni, da zarar an kunna ta sai ɗaki ya gauraye da hamami, ga kafet fes amma zama ya gagara. Galibi abin da akan yi shi ne a fesa turare a bar maganar. Turaren kan gushe cikin sa'a guda, washegari kuma wari ya dawo, domin ba a taɓa tushensa ba.

Kafin a gane tushen, wajibi ne a san hanyar da iska ke bi a cikin na'urar. Akwai ƙaramin injin lantarki da ke juya wata fanka da gudun da yakan wuce zagaye 20,000 a minti ɗaya. Fankar tana tura iskar ciki waje, sai matsin iska ya ragu a cikin na'urar, iskar ɗaki kuma ta kutso ta bakin tiyo domin cike gurbin, tana ɗauke da ƙura. Jaka ita ce ke tare ƙurar ta bar iska ta wuce ta ƙananan ƙofofin jikinta. Wani injiniya ɗan Ingila, Hubert Cecil Booth, wanda ya yi rajistar na'urarsa a 1901, ya fara gwada wannan dabara ne da bakinsa: ya ɗora hankici a kan kujera ya zuƙi iska ta cikinsa, sai ya ga dauɗa ta taru a jikin hankicin. A 1907 kuma James Murray Spangler, mai sharar wani kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, wanda ƙura ke tayar masa da ciwon asma, ya harhaɗa ƙaramar na'ura da fanka da sandar tsintsiya, ya ɗaura rigar matashin kai ta zama jaka. Wannan ƙira ce William Hoover ya saya a 1908.

Abin lura a nan shi ne, duk iskar da ta shiga na'urar sai ta ratsa tarin dattin da ke cikin jaka kafin ta koma ɗaki. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4 da tsayin mita 3 yana ɗauke da iska lita 48,000. Idan na'ura na zuƙar lita 30 a kowane sakan, to, cikin abin da bai kai minti 27 ba ta tura iskar da ta kai cikin ɗakin baki ɗaya ta tsakiyar sharar watanni uku ko huɗu.

Abin da ke rayuwa a cikin jaka

Ƙurar gida ba ƙasa ce zalla ba. A cikinta akwai ɓarɓashin fatar jikin ɗan Adam, wadda ke zuba kullum ba tare da an sani ba, da gashi, da zaren tufafi, da ɓurɓushin abinci, da maiƙo, da gawarwakin ƙwari. Duk waɗannan abinci ne ga halittun da ido ba ya gani, watau bakteriya da fumfuna, da kuma wani ɗan ƙwaro da ke zama cikin katifa da kafet, wanda girmansa bai wuce sulusin milimita ba. Jaka na ba su abinci da duhu, inji na ba su ɗumi. Abu guda ya rage, shi ne danshi, kuma a kansa maganar wari ta rataya.

Muddin ƙura na bushe, waɗannan halittu kusan barci suke yi. Shi ya sa a lokacin hunturu, sa'ad da iskar arewa ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, jaka kan cika da wuri amma ba ta cika yin wari ba, domin laimar iska a ƙasar Hausa kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a wannan lokaci. Da damina ta kankama sai al'amari ya juya. Fumfuna na samun sukuni idan laima ta haura kimanin kashi 70 cikin 100, kuma a watan Agusta ba wuya a kai haka. Har ila yau, ba sai damina ba: ɗan shayin da ya zube a kafet, ko lomar tuwo mai miya da yaro ya yar, ko kafet ɗin bakin ƙofar masallaci da ƙafafun masu alwala suka jiƙa, kowanne ya isa ya kai ruwa cikin jaka. Idan yanayi ya yi wa wasu nau'o'in bakteriya daɗi sarai, sukan rabu biyu kowane minti 20, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin sa'a 7. Jakar ƙura ba ta kai wannan daɗi ba, amma tana da makonni a hannunta.

Yayin da halittun ke cin wannan abinci, sukan fitar da sinadarai masu saurin bin iska. Idan bakteriya suka farfasa maiƙo, daga cikin abin da ke fita akwai asid ɗin butirik, wanda shi ne warin man shanun da ya lalace. Daga gumi da fata kuma akan sami asid ɗin aisobalerik, mai warin safar da ta kwana a takalmi. Ragowar kifi na fitar da sinadarin tiraimetilamin, watau ƙarni. Akwai ma jiyosmin, sinadarin da wasu bakteriyar ƙasa ke yi, wanda shi ne ƙamshin ƙasa a ranar ruwan fari. A fili abin marmari ne, amma a rufaffen ɗaki, haɗe da na fumfuna, shi ne warin nan na tsohon akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba. Zafin inji kuma na ƙara wa abin ƙarfi, domin sinadari ya fi saurin tashi cikin iska mai ɗumi, kamar yadda ƙamshin miya ya fi tashi tana kan wuta.

Dalilin da ya sa mataci ba ya tare wari

Yawancin na'urorin yanzu suna da matacin iska bayan jaka, kuma mafi inganci shi ne wanda ake kira HEPA, wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1940 domin tare ƙura mai haɗari a wuraren binciken nukiliya. Bisa ƙa'idar Amurka, dole ya tare kashi 99.97 cikin 100 na ɓarɓashin da girmansa ya kai maikuron 0.3. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, silin gashin kai kuwa kaurinsa kimanin maikuron 70 ne. Wannan babban taimako ne ga mai ciwon asma, tunda kashin ƙwaron ƙura da irin fumfuna, waɗanda ke cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, duk sun fi wannan girma, don haka ba sa wucewa.

Amma wari ba ɓarɓashi ba ne. Ƙwayoyin sinadari ne ɗaiɗaya, waɗanda ake kira molakul, kuma girman kowace bai wuce kusan kashi ɗaya cikin 1,000 na maikuron ba. Suna ratsa mataci kamar yadda hayaƙi ke ratsa gidan sauro. Hanci kuwa ba ya bukatar da yawa. A 1991 Linda Buck da Richard Axel suka gano ƙwayoyin gadon da ke samar da masu karɓar saƙon ƙamshi da wari a cikin hanci, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2004, kuma an san ɗan Adam na da nau'i kimanin 400 na waɗannan masu karɓa. Saboda haka mai sayen na'ura mai tsada da fatan matacinta zai hana wari, ya sayi maganin wata cuta ce daban.

Haka nan na'urar da ba ta da jaka, irin wadda James Dyson ya fitar a Ingila a 1993, mai jujjuya iska kamar guguwa domin ƙura ta faɗa cikin gwangwanin roba, ba ta tsira ba. Dattin yana nan, mazauninsa kawai aka sauya.

Kawar da warin

Matakin farko, kuma mafi girma, shi ne raba halittun da abincinsu. A cire fulogi daga wuta, a fita da na'urar waje, a cire jaka. Jakar takarda ba a zazzage ta a mayar, domin maiƙo da fumfuna sun riga sun shige jikinta. Tattalin da ake ganin an yi a nan shi ne ke dawo da wari. Kada kuma a jira ta cika maƙil. Idan ta kai kashi biyu cikin uku a sauya ta, idan kuwa an tsotsi abinci ko wani abu mai danshi, a sauya a ranar ko da ba ta kai rabi ba. Jakar yadi da gwangwanin roba da matacin soso ana wanke su da ruwan ɗumi da ɗan sabulu. Matacin takarda kuwa ruwa na lalata shi, sai dai a saka sabo, in ba an rubuta a jikinsa cewa yana wankuwa ba. Mai asma bai kamata ya yi wannan aiki ba, wanda zai yi kuma ya rufe hancinsa.

Wurin da aka fi mantawa shi ne tiyo. Cikinsa gurɓi-gurɓi ne, kuma a nan abu mai ɗanko ke maƙalewa ya ruɓe. A cire shi, a zura sandar da ba ta da tsini a ture abin da ya toshe, a ɗauraye da ruwan sabulu, sa'an nan a rataye shi bakinsa na kallon ƙasa. Gashi da zaren da suka nannaɗe buroshi a yanke su da almakashi.

Bayan wanki sai shanya, kuma a nan yawancin mutane ke ɓata aikinsu. Soson da samansa ya bushe na iya riƙe ruwa a tsakiyarsa. Idan aka mayar da shi haka, an ba fumfuna abin da take nema da hannu, an kuma jefa inji cikin haɗari. Sa'a 24 ita ce mafi ƙarancin lokacin shanya a wuri mai iska, da damina kuwa gara a ƙara.

Sai bayan an yi wannan ne sinadaran kashe wari ke da amfani. Hodar soda da ake sa wa burodi da kek, wadda sunanta a kimiyya sodiyam baikabonet, tana haɗuwa da asid mai wari ta mayar da shi gishiri, tare da ruwa da iskar kabon dayoksaid. Gishirin ba ya tashi cikin iska, don haka ba ya isa hanci. Wannan hoda 'yar'uwar kanwa ce, domin kanwar da ake haƙowa a yankin tafkin Cadi na ɗauke da wannan sinadari haɗe da sodiyam kabonet. Cokali ɗaya a cikin sabuwar jaka ya wadatar. Masu barbaɗa ta da yawa a kan kafet su tsotse suna toshe ƙofofin jaka da mataci ne, saboda laushinta. Ƙarni kuwa ba asid ba ne, kishiyarsa ne, don haka soda ba ta yi masa komai sosai. Ruwan lemon tsami ko binega a cikin ruwan ɗauraya shi ne daidai da shi, kamar yadda mai wanke kifi ta sani tun ba a gaya mata ba. Sai dai kada a taɓa haɗa binega da bilic, domin suna fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu.

Gawayi na aiki ta wata hanya daban. Idan aka gasa shi da tururi mai tsananin zafi, jikinsa kan cika da ramukan da ido ba ya gani, har faɗin bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya ya haura murabba'in mita 500. Molakul ɗin wari na manne wa wannan bango su kasa fita. Shi ya sa ake sayar da matacin da aka haɗa da irin wannan gawayi, kuma shi ne ke iya tare abin da HEPA ya bari. Idan ramukan suka cika aikinsa ya ƙare, sai a sauya. Gawayin girki ramukansa kaɗan ne, garinsa kuma na iya baƙanta ɗaki.

Idan warin ƙauri ne

Hausa ta bambanta wari da ƙarni da zarni da hamami da ƙauri, kuma wannan bambanci na da amfani ga mai riƙe da na'ura, domin huɗun farko maganar tsabta ce, na ƙarshen kuwa gargaɗi ne. A yawancin waɗannan na'urori, iskar da ta ratsa jaka ita ce kuma ke sanyaya inji. Idan jaka ko tiyo ya toshe, iska ta ragu, inji na yin zafi har rufin wayoyinsa ya fara ƙonewa. Ƙaurin roba kuma galibi daga bel ɗin da ke juya buroshi yake: gashi ya riƙe buroshi, inji na ta juyawa, bel na goguwa a wuri ɗaya. Duk sa'ad da aka ji irin wannan, a kashe na'urar nan take a cire fulogi, a bar ta ta huce kafin a duba. Idan an buɗe hanyar iska an sauya bel amma ƙauri bai daina ba, aikin ya zama na mai gyara.

Akwai kuma abubuwan da ba a kusantar su da bakin tiyo ko kaɗan. Fetur da kananzir tururinsu na kamawa da tartsatsin da ke tashi a cikin inji. Ruwa na jawo kamun lantarki, sai fa a na'urar da aka ƙera musamman domin tsotsar ruwa. Tokar kaskon turaren wuta da ta zube a kafet takan ɓoye garwashi sa'o'i da dama bayan an ɗauka ta mutu. Idan ta faɗa cikin jakar takarda mai cike da gashi da zare, ga iska na hura ta, wuta na iya tashi bayan an ajiye na'urar a lungu an rufe ɗaki. Irin wannan toka da tsintsiya da abin kwashe shara na ƙarfe ake ɗebe ta, a yayyafa mata ruwa a waje.