In Ƙaramin Babur Ya Rasa Ƙarfi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, duk mai babur a Sakkwato ya koyi lissafin lita. Injin da ya rasa ƙarfi kuwa yana cin mai fiye da na lafiyayye, gama mai shi yana ta murɗa hannu don ya sami gudun da ya saba. Wanda ya ɗauko albasa daga fadama zai kai Kara, in babur ya gaza masa a hanya, ya yi hasarar mai, ya kuma rasa cinikin safe. Galibin abubuwan da ke jawo wannan, mutum yana iya gano su da kansa a ƙofar gida.

Mu fara sanin irin injin da muke magana a kai. A Faransa aka fara sayar da Solex a 1946, watau keke ne da ɗan inji bisa tayar gaba. A 1949 aka fito da Mobylette, wanda ya bazu ƙwarai a ƙasashen da Faransa ta mulka, har da maƙwabtanmu na Nijar. Yau kuma akwai ƙananan injuna daga ƙasar Sin da ake ɗaurawa a jikin keke. Galibinsu masu bugu biyu ne, ana gauraya masu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kamar ƙaramin janareto na gida. Babura irin su Boxer na 'yan kabu-kabu masu bugu huɗu ne, baƙin mansu yana da wurinsa dabam. Kada a zuba masu gauraye.

Kafin ka zargi inji, ka kashe shi, ka tura babur ɗin da hannu. Ka ɗaga kowace ƙafa ka juya ta. In birki yana kamawa, ko taya ba iska, ko an ɗaure sarƙa tam ta bushe, to ɗan injin da bai kai cc 50 ba zai ji shi nan da nan. In kuwa inji yana ƙara sosai amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa, sai a duba wayarsa.

Sai iska. A ganinmu, a ƙasarmu nan ne matsalar ta fi yawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana rufe gari, ƙura tana shiga har cikin ɗaki, balle cikin abin da ke zuƙar iska dukan yini. A bakin kafireta akwai ɗan soso mai tace iska. In ya toshe, mai yana fin iska yawa. Inji sai ya riƙa tuƙewa, hayaƙi ya yi baƙi, tanki kuma ya ƙare da wuri. Ka cire soson, ka wanke da ruwan sabulu, ka bar shi ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan, ka matse, ka mayar. In matacin na takarda ne ba a wanke shi, sai a kakkaɓe ko a sake sabo. Lokacin hunturu a yi haka kowane mako. Waɗansu sukan cire matacin gaba ɗaya su yar, su ce babur ya ƙara gudu. Gaskiya ne, na ɗan lokaci. Amma ƙurar da ke shiga rairayi ne mai laushi, tana goge ringi da silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin kansa. Soso mai araha ne, ringi da silinda kuwa ba haka ba.

Wani abu kuma, iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, inji yakan ɗan yi kasala da tsakar rana. Wannan ba ciwo ba ne. A dai share laka da ƙura daga haƙarƙarin silinda, gama ta nan yake shan iska ya huce.

Game da mai, ga wata alama mai sauƙi. In babur yana tashi lafiya, ya yi 'yan mintoci, sa'an nan ya yi sanyi ya mutu, ka buɗe murfin tanki ka sake gwadawa. In ya warware, ɗan ramin da ke jikin murfin ne ya toshe, sai a huda shi da allura. In ba haka ba, ka zare bututun mai daga kafireta ka ga ko yana zuba sosai. Ruwa da datti sukan kwanta a gindin kafireta, musamman ga mai sayen man bumburutu a kwalba. Kullum a tace shi da tsumma mai tsabta. Ƙaramin ramin da mai ke bi cikin kafireta, a hura shi kawai. In an zura waya ramin zai faɗaɗa, inji ya koma mashayi har abada. A tuna kuma a duba ko an bar cok a rufe.

Awon gaurayen yana da muhimmanci. A bi abin da masu injin suka rubuta. Da yawa suna son kashi 1 na baƙin mai cikin 25 na fetur, watau mililita 40 a lita ɗaya, kusan babban cokali uku. In ya yi kaɗan, fistin zai kama. In ya yi yawa, zai jiƙa fulogi ya cika salansa da gawayi.

Fulogi kuwa shi ne mai ba da shaida. Bari inji ya huce, ka kwance shi ka dubi bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Baƙi mai danshi, baƙin mai ne ya yi yawa. Fari fat kuwa shi ne abin tsoro, gama inji yana ƙuna, mai bai ishe shi ba, ko kuwa iska tana satar shiga ta inda kafireta ta haɗu da inji. A ɗaure kusoshin wurin, a duba gasket. Tazarar bakin fulogi ga yawancinsu milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

In duk waɗannan lafiya suke, amma inji ya daɗe yana aiki, ƙararsa ta dushe, ba ya iya hawan tudu, a kwance salansa. Gawayi yakan taru a ƙofar da hayaƙi ke fita har ta kusa rufewa. A juya inji fistin ya rufe ƙofar, domin kada gawayin ya faɗa ciki, sa'an nan a kankare da tsinken itace, ban da ƙarfe. Duk wannan aiki a yi shi a fili, nesa da murhu. Kada a tada inji cikin ɗaki ko zaure a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya farga ba.

Saura matsi. Ka cire fulogi, ka ɗora babban yatsa a ramin, wani ya juya maka feda. Lafiyayyen inji zai ture yatsanka da ƙarfi. In ka ji ɗan huci kawai, ringi sun cinye. Wannan aikin bakanike ne. In ka kai masa, ka gaya masa abin da ka riga ka duba, ka kuma roƙa ya nuna maka tsoffin ringin da ya cire.