Kamarar da ke karkata idonta: darasi ga masu ɗaukar hoto da waya a birnin Kano

Duk wanda ya tsuguna a marinar Ƙofar Mata yana son ɗaukar jerin rijiyoyin rini, daga na bakin ƙafarsa har na can ƙarshe, ya san matsalar. Idan kyallen da ke kusa ya fito tsaf, na nesa sai ya yi dishi-dishi. Dalili kuwa shi ne, wurin da kamara ke gani tsaf kamar bango yake, a tsaye, yana fuskantar ta. Ƙasa kuma a shimfiɗe take.

Tsohuwar babbar kamara, wadda mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle a bayanta, ta daɗe da warware wannan. Katako biyu ne, na gaba riƙe da gilashin ido, na baya riƙe da fim mai faɗin inci 4 da tsawon inci 5 ko fiye. A tsakaninsu akwai fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri, don haka kowane katako na iya motsawa shi kaɗai.

Idan mai hoto ya sunkuyar da gilashin gaba kaɗan, wancan bangon sai ya kwanta ya bi ƙasa. Ƙa'idar ita ce, fuskar fim da ta gilashi da ta abin da ake ɗauka su haɗu a kan layi ɗaya. Ana kiranta da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904. Da haka rijiyoyin rini duka za su fito tsaf.

Akwai motsi na biyu. Maimakon ɗaga kamara sama don ɗaukar ginin Gidan Makama, abin da ke sa katanga ta zama kamar za ta faɗi baya, sai a bar fim a miƙe a tura gilashin sama.

Waya ba ta da waɗannan motse-motsen. Dishin bayan mutum da ake gani a hotunan Portrait, wanda ya yi fice tun fitowar iPhone 7 Plus a 2016, manhaja ce ke ƙirƙirar shi. Amma darasin yana aiki: a riƙe waya daidai da fuskar abin da ake ɗauka, a ja baya maimakon karkata ta sama, a yanke hoton daga baya, a kuma kashe Portrait.

Batun ya wuce ado. Ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu tana zaizayewa, damina da gine-gine suna cin ta. Wani sashen, hoton wayar wani matashi ne kawai zai rage ya nuna yadda yake. Gara hoton ya nuna kowane tubali a inda yake.