Soda da Kanwa Ba Sa Tsayar da Amosanin Gaɓoɓi

Idan kana wayar gari yatsunka sun sage, ka kasa dunƙule hannu sai rana ta ɗaga, wannan ɗan littafi naka ne. Ke ma da yin kisira ko cirar auduga ya gagare ki saboda wuyan hannu ya kumbura, da ke muke, domin cutar ta fi kama mata, ninki biyu zuwa uku.

Sanyin ƙashi suna ne mai faɗi. Akwai ciwon gwiwa na tsufa. Akwai na zazzaɓin maltiyya, wanda ake ɗauka a madarar da ba a tafasa ba. Wanda muke nufi a nan daban ne. Yakan kama ƙananan gaɓoɓi na hannu da ƙafa, dama da hagu tare, da kumburi da ɗumi, kuma sagewar safe takan kai awa guda ko fiye. Ba sanyi ke kawo shi ba. Garkuwar jikin mutum ce, wadda aikinta kashe ƙwayoyin cuta, take juyowa ta afka wa gaɓoɓinsa.

A Makwar da Mai Wurno da ƙauyukan bakin kogi, da wuya a rasa kanwa a gida, wadda maƙwabtanmu ke kira atrun. A kanti kuma akwai farar sodar girki, bikarbonat. 'Yan uwan juna ne. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 magani ya yi wuya, don haka ba abin mamaki ba ne a ce maka ka jiƙa soda ka sha kowace safiya. Hujjar masu faɗa ita ce, wai tsami ne ya taru a gaɓoɓi, kanwa kuwa tana kashe tsami. A tukunya haka ne. A ciki ma haka ne, shi ya sa takan kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci. Amma gaɓa ba tukunya ba ce, kuma wannan cuta ba tsami ne asalinta ba.

Wataƙila wani mai waya ya ce maka likitocin Amurka sun tabbatar. Ga abin da ya faru. A 2018 masu bincike a Jami'ar Augusta sun ba ɓeraye da wasu mutane ruwan soda, suka ga alamar ƙwayoyin garkuwar jiki sun ɗan lafa. Mutanen nan lafiyayyu ne, ba masu amosani ba. Binciken bai nuna an warkar da gaɓar kowa ba.

Illar kuwa sananniya ce. Soda da kanwa cike suke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri. Cokalin shayi ɗaya na soda ya haura rabin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babban mutum a yini, ga kuma gishirin miya. Sodiyam yana riƙe ruwa a jiki: jini ya hau, ƙafa ta kumbura, zuciya da ƙoda su wahala. Danginmu na ƙasar Hausa sun ga wannan. A Zariya, cikin shekarun 1970, likitoci sun yi ta karɓar masu jego da zuciyarsu ta gaza, suka danganta abin da yawan kunun kanwa haɗe da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai ciki da mai jego, kada su kusanci wannan jiƙo. Kada kuma kowa ya sha soda a kan cikakken ciki, don iskar da take tayarwa tana iya yi wa tumbi mummunan lahani.

Babbar asarar dai ita ce lokaci. Cutar tana soma cin gaɓa tun cikin shekara biyun farko. Yatsan da ya riga ya karkace, magani ba ya miƙe shi. Tun ran gini ran zane: in kumburi ya kai mako shida, ka zo a duba ka, a gwada jini.

Cutar ba ta warkewa gaba ɗaya, amma akwai magungunan da ke danne ta har mutum ya koma gona. Babbansu metotireksat. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba. Shan sa kullum yana kisa. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta sha. Yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada ka yanke ƙauna ka daina. Soda tana iya rage ƙarfin wasu magungunan, saboda haka kar ka haɗa ba da sanin likita ba. Ƙwayoyin kashe ciwo na kasuwa kuma suna rufe zafi ne kawai, yawansu yana cin ciki da ƙoda.

Kafin ka iso, tsoma hannuwa a ruwan ɗumi da safe, ka motsa yatsu a hankali ɗaya bayan ɗaya. Mai shan taba ya bari, tana ƙara wa cutar ƙarfi. In gaɓa ɗaya ce ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, wannan ba ta jira: ka zo a ranar. Ka taho da duk abin da kake sha, har ƙullin kanwar, mu gani.