Idan Likita Ya Ce Yana Zargin Sankarar Jini

Da yawa daga cikin masu wannan ciwo a ƙasar Hausa sukan sha maganin zazzaɓin cizon sauro sau biyu ko uku, a bi da na taifot, kafin wani ya ce a auna jini baki ɗaya. Ba abin mamaki ba ne, domin alamunta na farko ba su da wani tambari nasu: kasala, zazzaɓi mai tafiya ya dawo, ɗashewar tafin hannu, ciwon ƙashi, haɓo, jini a dasashi, kaluluwa a wuya ko hammata, wani lokaci kumburin saifa. A yaro ma sai a ɗauka sikila ce.

Tushen cutar yana cikin ɓargo, inda jiki ke ƙera jini. Wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke lalacewa, su yi ta hayayyafa ba tare da sun nuna ba, har su cinye gurbin jajayen ƙwayoyi da na masu tsayar da zubar jini. Lafiyayyen babba yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 da 11,000 a ma'aunin da asibiti ke amfani da shi. Amma hauhawar wannan adadi kaɗai ba hukunci ba ne. Ciwon da ƙwayar cuta ta haddasa ma yana ɗaga shi. Sai an duba jinin a madubin likita, an kuma ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu, sannan a tabbatar. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen likitocin jini da ke wannan aiki.

Kwanakin jiran sakamako su ne masu wuya, kuma a nan ake yawan yin ɓarna. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, dangi kowa da tasa shawarar. Wani ya ce jifa ne, wata ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini. A yi hattara da wannan. Mutumin da ƙwayoyinsa masu daskarar da jini suka yi ƙasa, ƙaramar tsaga na iya zame masa zubar da ba ta tsayawa. Haka nan aspirin da ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis, suna ƙara wannan haɗari. Akwai kuma dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke sha don neman ƙiba: sukan danne wani nau'in cutar na ɗan lokaci, gwajin ɓargo ya fito a rikice, a yi asarar makonni. Addu'a da roƙon Allah ba su hana komai ba, kuma babu likitan kirki da zai hana su. Abin gudu shi ne a bar asibiti a tafi yawon neman magani har ciwo ya ci ƙarfin jiki.

Cutar kuma ba iri ɗaya ba ce. Manyan nau'o'inta huɗu ne: biyu masu gaggawa da ke bukatar a fara magani cikin kwanaki, biyu masu tafiyar hawainiya. A cikin na biyun akwai wanda tsofaffi kan rayu da shi shekaru ana sa ido kawai. Akwai kuma wanda ƙwayar imatinib, da aka amince da ita a Amurka a 2001, ta mayar da shi ciwon da ake zama da shi ana shan magani kullum, mutum na zuwa kasuwarsa. A Nijeriya an daɗe ana raba wannan magani kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife ƙarƙashin wani shirin tallafi. Nau'in da ya fi kama yara kuwa, a ƙasashe masu arziki kusan tara cikin goma suna warkewa. A wurinmu adadin ya yi ƙasa sosai, kuma manyan dalilan su ne zuwa a makare da yanke magani a tsakiya saboda kuɗi sun ƙare.

Shi ya sa nake ganin zancen kuɗi da na jini ya kamata a yi shi tun ranar farko, ba kunya. Maganin yara kan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Za a bukaci ƙarin jini ba sau ɗaya ba, don haka 'yan'uwa su san rukunin jininsu tun da wuri. A zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa raka majiyyaci wurin likita, ya rubuta abin da aka ce, ya adana takardun gwaji a jaka guda.

Sai batun dubiya. Zumunci ne mai kyau, amma cika ɗaki da jama'a, ciki har da mai mura da mai tari, cutarwa ce ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Cutar ba ta yaɗuwa. Matarsa da 'ya'yansa za su iya cin abinci tare da shi. Shi ne ke cikin haɗarin ɗaukar nasu ciwon. A dafa ruwan sha, a wanke hannu, a guji tsire da kwaɗon da suka daɗe a buɗe, a kwana cikin gidan sauro. A ajiye ma'aunin zafin jiki a gida: idan ya kai 38, ko da tsakar dare ne, asibiti za a nufa, kada a jira gari ya waye.