Gyangyaɗin da ba lalaci ba: cutar narkolefsi, wahalar magungunanta da amfanin ƙailula

A makarantun allo da na Islamiyya, daga Shanga zuwa Yelwa, ba a rasa yaron da aka sani da gyangyaɗi. Ana cikin biya karatu sai kansa ya rinjaya kan allo. A zungure shi ya farka, a yi dariya, kafin a kai ƙarshen aya ya koma. Mafi yawan irin waɗannan yara barci ne kawai bai ishe su ba. Amma akwai 'yan kaɗan waɗanda ko sun kwana awa tara, barci zai sake fizge su da hantsi, a tsakiyar cin abinci ko a tsakiyar magana. Mukan kira su ragwaye, mukan yi musu bulala, wani lokaci mu ce iska ce ta shafe su. Likitoci kuwa suna da suna ga abin da ke damun wasunsu: narkolefsi.

Wani likitan Faransa, Jean-Baptiste Gelineau, shi ya laƙaba wa cutar wannan suna a 1880, amma an shafe fiye da shekara ɗari ba a san tushenta ba. A 1998 aka gano wani sinadari a ƙwaƙwalwa, oreksin, wanda aikinsa shi ne riƙe mutum a farke da tsare iyaka tsakanin barci da farkawa. Shekara ɗaya bayan haka, Emmanuel Mignot da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano cewa tangarɗar wannan sinadari ce ke sa wasu karnuka zubewa ƙasa idan sun yi murna. Zuwa 2000 an tabbatar cewa mafi yawan mutanen da cutar ta yi wa kamu mai tsanani sun rasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke samar da shi. A ƙasashen da aka ƙirga, kusan mutum ɗaya ne cikin 2,000 ke da ita, kuma takan soma ne tun ƙuruciya, tsakanin shekara 10 zuwa 30. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

Idan iyakar nan ta rushe, barci yakan kutso cikin rana, mafarki kuma ya kutso cikin farkawa. Mutum zai ga wasu siffofi ko ya ji muryoyi a daidai lokacin da barci ke ɗaukarsa. Zai farka ya kasa motsi ko magana na ɗan lokaci, abin da muke kira dannau. Dannau shi kaɗai ba cuta ba ne, mutane da yawa masu lafiya sukan gamu da shi. Yawansa tare da barcin rana ne abin lura. Alamar da ta fi fitowa fili ita ce sakin jiki: dariya ko mamaki ko fushi su sa gwiwoyi su sage, haɓa ta saki, wani ma ya zube ƙasa na 'yan daƙiƙoƙi ko minti ɗaya zuwa biyu, alhali yana jin duk abin da ake faɗa. A nan ta sha bamban da farfaɗiya, wadda a mafi yawan nau'o'inta hankali ke gushewa. Ta kuma bambanta da cutar barci da kakanninmu suka sani, wadda ƙudan tsando ke sakawa, mai zuwa da zazzaɓi da kumburin kaluluwa, mai kisa idan ba a yi magani ba. Ga mutanen bakin kogi wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin gwajin jini ne ke raba gardama, maganin ɗaya kuma ba ya yi wa ɗaya.

Ga mazauna gaɓar tafkin Kainji, maganar ba ta tsaya ga faɗuwa jarrabawa ba. Tun da aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya zama hanya, ya zama gona, ya zama kasuwa ga Sarkawa da Gungawa da sauran jama'ar Yauri da Ngaski da Shanga. Barcin minti biyu a kan tabarma ba komai ba ne. Barcin minti biyu a gefen kwale-kwale, ko a kan babur ɗin kabu-kabu, ko a gaban kaskon suyar kifi, yana iya zama ajali. Saurayin da ƙafafunsa ke saki idan ya yi dariya, yana tsaye yana jan taru, ba ya bukatar igiyar ruwa kafin ya faɗa.

Cutar ba ta warkewa, amma ana lallaɓa ta. A nan ne wahala ta biyu ke farawa, wadda ba a cika faɗa wa iyali ba: magungunan suna da nasu nauyi.

Maganin da aka fi farawa da shi don rage barcin rana shi ne modafinil, wanda Amurka ta amince da shi a 1998. Ana sha da safe. Abin da ya fi yawan jawowa shi ne ciwon kai, tashin zuciya, ƙarancin sha'awar abinci da rashin natsuwa, kuma galibi suna lafawa bayan makonnin farko, musamman idan likita ya fara da kaɗan yana ƙarawa. Idan an sha shi bayan azahar yakan hana barcin dare, sai gari ya waye da gyangyaɗin da ya fi na jiya. Akwai abu biyu game da shi da ba a wasa da su. Ƙuraje a fata, musamman tare da zazzaɓi ko gyambo a baki, dalili ne na dakatar da shi a garzaya asibiti a ranar. Sannan yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa, har zuwa wata ɗaya ko biyu bayan an daina shi, kuma hukumomin magunguna a Kanada da Birtaniya sun yi gargaɗin kada mai ciki ta sha shi saboda haɗarin tawaya ga jariri. Matar aure da ke kan wannan magani, ita da mijinta, ya kamata su zauna da likita kafin ciki, ba bayan ya shiga ba.

Methylphenidate ya fi shi ƙarfi, ya kuma fi shi damun jiki: bugun zuciya, hawan jini, ramewa, saurin fushi. Mai shan sa sai da awon jini a kai a kai. Akwai sababbi kamar pitolisant, da sodium oxybate da ake sha da dare, sai dai an fi samun su a Turai da Amurka, da tsada mai yawa. Wanda ya fi kusa da hannunmu shi ne rukunin da ake bayarwa don hana sakin jiki, irin su clomipramine da imipramine da venlafaxine. Asalinsu magungunan ciwon damuwa ne, don haka kada iyali su firgita in sun ji an ce daga asibitin ƙwaƙwalwa aka rubuto. Ba hauka ake nufi ba. Suna busar da baki, suna taurare ciki, suna sa gumi da jiri in an miƙe da sauri. Suna kuma iya rage sha'awar aure, abin da maza da yawa ke jin nauyin faɗa wa likita, sai kawai su ajiye maganin a ƙarƙashin katifa.

Wannan ajiyewa ita ce babban kuskure. Wanda ya yanke waɗannan magunguna farat ɗaya, sakin jikin yakan dawo masa fiye da da, wani ya yini yana zubewa. Ana rage su ne sannu a hankali, bisa tsarin likita. Kuma kusan kowace illa tana da mafita: a rage yawa, a canza lokaci, a sha tare da abinci, ko a koma wani nau'in. Likita ba zai gyara abin da ba a faɗa masa ba.

Kuskure na biyu shi ne cike gurbin da abin da ke kasuwa. Goro da shayi da kofi suna ɗan taimakawa da safe, ba mu musanta ba, amma in an haɗa su da yawa da maganin farkarwa sai zuciya ta dinga bugawa, in an sha bayan la'asar kuma su ɓata dare. Tramadol kuwa, da wasu matasa ke sha wai don ƙarfin aiki, ba maganin barci ba ne. Yana kama mutum, yana jawo jijjiga, haɗa shi da clomipramine ko venlafaxine kuma haɗari ne na gaske. Ko ƙwayar mura da ƙaiƙayi irin Piriton tana ƙara gyangyaɗi.

Abin da ya fi ba mu mamaki a duk wannan bincike shi ne, hanyar da likitocin barci suka fi ƙarfafawa bayan magani abu ne da ke cikin gidajenmu tun fil'azal: ƙailula. Mai narkolefsi idan ya kwanta minti 15 zuwa 20 yakan tashi da wartsakewar da za ta kai shi awa ɗaya zuwa uku. Shi ya sa ake tsara masa gajeren barci sau biyu ko uku a yini, a lokutan da aka sani, kafin barcin ya zo da kansa. Suratun Nur, aya ta 58, ta ƙirga tsakar rana cikin lokuta uku na keɓewa da hutawa, Sahlu ɗan Sa'ad (RA) kuma ya ba da labarin cewa Sahabbai sukan jinkirta ƙailularsu ta ranar Juma'a zuwa bayan salla, abin da ke nuna al'adarsu ce ta kullum. Sallolinmu ma sun riga sun yanka mana yinin: a ɗan kwanta da hantsi, a sake kafin azahar ko bayanta, in da bukata a ƙara kafin la'asar. Sharaɗin shi ne ya zama gajere, a sa wani ya tashe shi. Malamin da ya ba irin wannan ɗalibi kusurwar zaure na minti 20 ya sayi karatun awa biyu da araha.

Sauran sun fi sauƙi. Lokacin kwanciya da na tashi su zama ɗaya kullum, a ajiye waya. Malmalar tuwo ko tulin shinkafa da rana suna jawo barci ga kowa, balle shi; a rage, a bar mai nauyin zuwa dare. A motsa jiki, domin cutar na sa ƙiba. Karatu mai wuya a yi shi bayan an tashi daga ƙailula, a tsaye ko ana tafiya in ya yiwu.

Akwai kuma nauyin da ke zuciya, wanda ba ƙwaya ke sauke shi ba. Da yawa daga masu wannan lalura suna ganin kansu masu saɓo saboda salla ta kuɓuce musu ko sun yi gyangyaɗi a sahu. Shari'a ba ta ɗora musu haka ba. Hadisi ya tabbata cewa mai barci yana cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami har ya farka, kuma wanda barci ya kwashe ya rasa salla zai rama ta ne da zarar ya tashi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa a hanyar dawowa daga Khaibar, Manzon Allah (SAW) ya sa Bilal ya tsare musu asuba, barci ya rinjayi Bilal yana jingine da raƙumarsa, ba su farka ba sai da rana ta fito, suka yi sallar a lokacin. Nana A'isha (RA) kuma ta ruwaito umarnin cewa wanda gyangyaɗi ya kama a salla ya kwanta har barcin ya sake shi. Game da alwala, duk wanda ya karanta Ishmawi ya san rabon barci gida huɗu: mai nauyi yana warware ta, dogo ne ko gajere, marar nauyi ba ya warwarewa, sai dai an so a sake in ya yi tsawo. Sakin jiki kuwa, tunda hankali ba ya gushewa a cikinsa, ya kamata mai tambaya ya bayyana wa malami wannan sarai, don kada a yi masa hukuncin suma.

Ba mu hana kowa addu'a ko ruƙya ta shari'a ba. Mara lafiya duk yana bukatarsu. Abin da muke ja a kai shi ne a ce wa yaro ya zubar da magani domin aljani ne ya danne shi, ko a shekara ana yi masa turare alhali ba a taɓa kai shi asibiti ba. Usama ɗan Sharik (RA) ya ruwaito umarnin neman magani, kuma umarnin bai ware cutar da ba a gane ba.

Azumi yana bukatar shiri tun daga Sha'aban. Maganin safe galibi ana iya mayar da shi lokacin sahur, in likita ya yarda; mayar da shi buɗa-baki kuwa kwana a tashe ne. Bushewar baki takan tsananta, don haka a sha ruwa sosai da dare. Buɗa-baki mai nauyi ne ke kayar da mutane a tarawihi. Wanda ya gwada ya ga zubewa ta ƙaru ko aikinsa ya zama haɗari, ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba mara lafiya rangwame, sai ya haɗa bayanin likita da fatawar malami.

A kan ruwa da hanya kuwa babu sassauci. Kada ya fita su shi kaɗai, kada ya yi wanka a tafki ba kowa, ya zauna tsakiyar jirgi da rigar kariya, ya bar tuƙin babur da mota har sai likita ya tabbatar barcin ya daidaita. Mai girki ta zauna nesa da murhu kaɗan, ta shayar da jariri a kan tabarma a ƙasa, ba a bakin gado ba.

Iyalin da suka ga waɗannan alamu su fara da babban asibitin Yauri, inda za a duba abubuwan da suka fi yawa, kamar ƙarancin jini, farfaɗiya da toshewar numfashi a barci mai zuwa da minshari. Daga nan a nemi takardar turawa zuwa likitan jijiyoyi ko na ƙwaƙwalwa a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kafin tafiya, a samu littafi a rubuta na mako biyu: ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, sau nawa barci ya ɗauke shi da rana, me ya faru kafin jikinsa ya saki, da sunan duk abin da yake sha, har da goro da jiƙe-jiƙe. In akwai waya, a ɗauki bidiyon zubewar, a tafi da wanda ya gani da idonsa.