Gida Mai Baranda a Yerwa

Duk wanda ya baro hayaniyar Kasuwar Shanu ta Maiduguri, ya ratsa Gamboru da Kwastam ya nufi tsohuwar GRA, zai ci karo da irin gidan nan marar bene, mai rufin kwano da faffaɗar baranda, dogon yaro ya yi masa inuwa. Gidajen nan suna ƙarewa, ana rushe su ana kafa shaguna, kuma a ganina asara ce babba.

A 1907 Shehu Garbai ya kafa Yerwa, kusa da sansanin Turawa. Su Turawan daga Indiya suka ɗauko fasalin ginin, suka yi wa jami'ansu. To, a duba dabarar da ke ciki: bango mai kauri, silin can sama, tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa, baranda kuma ta tare rana kafin ta taɓa jikin ɗaki. A garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wannan ba ado ba ne. Ko an ɗauke wuta ana iya barci. Ko an ɗauke wuta, masu sauraro!

Wani zai ce ai kayan mulkin mallaka ne, me ya dame mu? Amsar ita ce mutanen gari sun daɗe da mayar da shi nasu: sun ja katanga, sun fitar da zaure da dakali, mata suka samu tsakar gida. Jan bulo kuwa Barno ta san shi tun zamanin Ngazargamu, ga shi nan a fadar Shehu. Hujjar masu suka da ta fi nauyi ita ce ta ruwa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, masu bene sun samu inda za su hau, gidajen ƙasa-ƙasa kuwa ruwa ya shanye su. Gaskiya ne. Sai dai laifin na gini a kan hanyar ruwa ne da rashin ɗaga tushe, kuma bene ba kowa ke da kuɗinsa ba.

Lokaci ya ƙure mana. Kiranmu ga hukumomin Jihar Barno: a ƙidaya tsofaffin gidajen nan, a ɗauki hotunansu da awonsu tun kafin magina su iso da guduma.